Yadda Ake Horar da Itacen Buroshin Kwalba Ya Zama Bonsai

A gabashin ƙasar Ostiraliya, musamman a bakin rafuka da fadamu, akwai wani itace da ba ya ɓuya idan ya yi fure. Furensa ja ne wur, dogo, mai gashi ta kowane gefe, kamar buroshin nan da ake zurawa cikin kwalba a wanke ta. Saboda wannan kama ne mutanen ƙasar suka sa masa sunan da ke nufin buroshin kwalba. Masana ilmin tsirrai kuwa sun san shi da suna Callistemon, sunan da Robert Brown ya raɗa masa a shekarar 1814, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu nufin kyau da kuma zaren fure. Dangi ɗaya yake da gwaiba da kanumfari da itacen turare, wato dangin Myrtaceae, kuma duk wanda ya murza ganyensa ya sansana zai ji ƙanshin mai irin na wannan zuri'a. A shekarar 2006 wani masani mai suna Lyndley Craven ya fara mayar da ire-irensa cikin jinsin Melaleuca, wasu masana suka yarda, wasu suka ƙi. Masu rainon dashe dai ba su bar tsohon sunan ba.

Bonsai kuwa kalma ce ta Japananci, ma'anarta shuka a cikin kasko. Daga ƙasar Sin aka faro wannan fasaha, domin akwai zanen ƙananan itatuwa cikin faranti a bangon kabarin wani ɗan sarki da aka binne a shekarar 706. Mutanen Japan suka karɓa suka gyara ta, daga nan ta watsu duniya. Da ta isa Ostiraliya, da itatuwan Japan da na Turai aka fi yin ta, sannu a hankali kuma masu sha'awa suka juya ga itatuwan ƙasarsu. A birnin Kanbera an buɗe taskar bonsai ta ƙasa a 2008, aka mayar da ita babban gandun itatuwa na birnin a 2013, kuma itatuwan gida suna da babban matsayi a cikinta.

Da farko ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yaɗu. Itacen bonsai ba wada ba ne ta fuskar gado, kuma ba yunwa aka gana masa ba. Idan aka ɗebi irin da ya zubar aka shuka a fili, abin da zai fito zai kai tsawon kakanninsa na daji: mita 1 zuwa 3 ga nau'in Callistemon citrinus, ko kusan mita 10 ga Callistemon viminalis, mai rassa masu sunkuyowa. Abin da mai horarwa yake yi shi ne amfani da dokokin da itacen kansa yake bi wajen girma. Saboda haka wanda bai san waɗannan dokoki ba, ko da yana da almakashi mai tsada, kashe itacen kawai zai yi.

Kauri kafin ƙanƙanta

Dashen da ake saya a wurin masu rainon itatuwa yawanci bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, gangarsa ba ta fi fensir kauri ba. Sabon shiga yakan yi ɗoki ya cire shi daga leda ya dasa a cikin kyakkyawan kasko marar zurfi, ya ce ya yi bonsai. Bayan shekara biyar zai tarar da fensir ɗinsa yana nan kamar yadda ya bar shi, sai ɗan ganye a kai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma dalilinsa a fili yake ga wanda ya karanta yadda itace ke yin kauri.

Tsakanin ɓawo da katako akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta masu rai, ana kiransa kambiyam. Shi ne yake rarrabuwa, yana ƙara katako ta ciki, yana kuma ƙara hanyoyin abinci ta waje. Ba ya wannan aiki sai da sukari, sukarin kuwa ganye ne ke haɗa shi daga hasken rana da ruwa da iska. Ke nan yawan kaurin da ganga za ta yi a shekara ya dogara ne ga yawan ganyen da ke samanta, yawan ganye kuma ya dogara ga yawan saiwar da za ta shayar da su. Ƙaramin kasko yana taƙaita saiwa, taƙaitacciyar saiwa tana taƙaita ganye, sai kauri ya tsaya. Wannan tsayawar ita ake so a ƙarshen aiki, amma ba a farkonsa ba.

Don haka ƙwararru sukan dasa matashin itacen a babbar tukunya mai faɗi, ko ma a ƙasa, su ba shi ruwa da taki isasshe, su ƙyale shi ya yi ta girma shekara 2 zuwa 4. A wannan lokaci ba a damuwa da kyawunsa. Akan bar wani reshe guda na can ƙasa ya yi tsawo yadda ya ga dama, ko da ya ɓata siffar itacen, saboda abincin da ganyensa ke haɗawa yana kumbura gangar daga mahaɗarsa zuwa gindi. Idan ya gama wannan hidima sai a sare shi. Haka nan akan kwance sandar da aka ɗaure dashen a jikinta tun daga wurin raino, domin itacen da iska ke kaɗawa yakan fi wanda aka tallafe kauri da ƙarfin gindi.

Abin da ido ke nema a jikin tsohon itace shi ne gindi mai faɗi da ke sirancewa zuwa sama. Ana samun wannan ta hanyar da ke tsorata sabon shiga: idan gindin ya kai kaurin da ake so, sai a datse gangar baki ɗaya a ɗan tsawo kaɗan, a zaɓi ɗaya daga cikin sababbin tohon da za su fito ya zama sabuwar ganga. Shi zai fi na ƙasa siranta. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake datse shi a gaba kaɗan. Kowace datsa tana ƙara wa gangar lanƙwasa da sirancewa.

Me ya sa itacen ba ya mutuwa?

A nan ne buroshin kwalba ya sha bamban da itacen fayin, wanda Japanawa suka fi shahara da shi. Yawancin ire-iren fayin, idan aka yanke reshe har ya zama babu ganye ko ɗaya a jikinsa, reshen ya mutu ke nan. Buroshin kwalba kuwa ɗan ƙasar gobarar daji ne da ambaliya. Ƙarƙashin ɓawonsa akwai idanu masu barci, kwatankwacin idanun da ke gaɓar rake, suna jiran ranar da wuta ko ruwa za su karya saman itacen. Wasu nau'o'insa ma suna da wani kumburi na katako a gindi, cike da irin waɗannan idanu da ajiyayyen abinci. A wurin itacen, almakashin mai horarwa wata gobara ce kawai, kuma yakan amsa ta da toho daga tsohon katako cikin 'yan makonni, muddin yana da lafiya kuma yanayin na ɗumi ne.

Sai a tambaya: me ke sa idanun barci tun farko? Ƙolin kowane reshe mai girma yana samar da wani sinadarin saƙo mai suna oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana hana idanun da ke bayansa buɗewa. A shekarar 1933 Kenneth Thimann da Folke Skoog suka nuna haka a Kalifoniya ta Amurka. Sun cire ƙolin wani nau'in wake, sai idanun gefe suka tsiro. Da suka cire ƙolin amma suka ɗora oksin a gurbinsa, sai idanun suka ci gaba da barci. Akwai wani sinadarin kuma, saitokainin, wanda saiwa ke samar da kaso mai yawa daga cikinsa, shi kuwa tayar da idanu yake yi. A 2008 aka gano na uku, sitirigolakton, mai taya oksin hana rassa fitowa. Mai karatu ɗan manomi zai so ya san cewa sunan wannan sinadari daga Striga aka ciro shi, wato ƙudujin nan da ke cinye dawa da gero, domin irin wannan sinadari ne da ke tsattsafowa daga saiwar hatsi yake sanar da irin ƙuduji cewa lokacin tsirowa ya yi. Bincike na baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa sukarin da ƙoli ya daina ja bayan an cire shi yana da hannu wajen farkar da idanun.

Amfanin wannan ilmi ga mai bonsai kai tsaye ne. Ya bar sabon reshe ya yi ganye shida ko takwas, sannan ya yanke ya bar biyu ko uku. Idanun da ke hammatar ganyen da suka rage za su buɗe, reshe ɗaya ya zama biyu. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Da yake saiwar ba ta ƙaru ba, ruwa da abincin da dā reshe ɗaya ke sha yanzu rassa masu yawa ne ke rabawa, sai ganye ya fito ƙanana, tazarar da ke tsakaninsu ta gajarta. Ta haka ne ganye ke ƙanƙancewa, ba ta hana ruwa ba. Kuma da yake saman itace ya fi ƙasansa ƙarfi, akan fi tsananta yanka a sama, a sassauta wa rassan ƙasa, in ba haka ba su raunana su bushe.

Lanƙwasa da waya aiki ne mai sauƙin bayani. Ana naɗa wayar alminiyam, mai kaurin kimanin kashi ɗaya bisa uku na reshen, a karkace, sannan a lanƙwasa a hankali. Kambiyam zai ci gaba da shimfiɗa sabon katako a kan wannan lanƙwasa har ta zauna. Abu biyu ne ke buƙatar kula. Reshen buroshin kwalba yana da taushi yana ɗanye, amma da ya tsufa sai ya yi gautsi, ya karye ba gargaɗi. Don haka tun yana ƙarami ake ba shi siffa, kamar yadda Hausawa suka faɗa game da icce. Na biyu, yana saurin kauri a lokacin zafi, wayar kan iya nutsewa cikin ɓawo a 'yan makonni, ta bar tabon da zai daɗe, ko ta toshe hanyar abinci. A riƙa dubawa, in ta fara cizo a yanyanke ta gunduwa-gunduwa maimakon a warware.

Saiwa da kasko

Rabin aikin bonsai a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ba mai gani. Manyan saiwoyi aikinsu riƙe itace da ajiyar abinci; shan ruwa da gishirin ƙasa kuwa aikin ƙananan saiwoyi ne da gashin da ke bakinsu. Itacen da ke cikin kasko ba ya buƙatar doguwar uwar saiwa, tun da da waya ake ɗaure shi ta ƙofofin ƙasan kaskon. Saboda haka tun a dashen farko akan yanke saiwar da ta nufi ƙasa, a baza na gefe kamar yatsun hannu a kan tabarma. Kowace saiwa da aka yanke takan fitar da ƙanana da yawa a bayan yankan. Dashen leda sau da yawa saiwarsa ta riga ta naɗe kanta kamar gammo. In ba a warware ta ko an yanke ta yanzu ba, nan gaba za ta shaƙe gindin.

Lokacin yin wannan aiki shi ne wurin da littattafan ƙasashen arewa suka ɓatar da mutane da yawa a Ostiraliya. Itatuwan Japan da Turai masu zubar da ganye a ƙarshen sanyi ake yi musu yankan saiwa, suna barci, jikinsu cike da ajiyar abinci, babu ganyen da zai nemi ruwa. Buroshin kwalba ba ya zubar da ganye, ba ya kuma irin wannan barci. Idan aka yanke masa saiwa cikin sanyi, raunin zai zauna cikin ƙasa mai sanyi da laima ba tare da ya warke ba, ruɓa ta shiga. Masu horar da itatuwan gida a can sun fi yin aikin idan gari ya yi ɗumi. A tuna cewa ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya: sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta yake, zafinsu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, wato daga wajen Oktoba ne ƙasa ke ɗumama. Bayan yankan akan rage ganye daidai gwargwado, a ajiye itacen a inuwa, nesa da iska mai ƙarfi, har sai sabon toho ya bayyana.

Akwai wani abin mamaki game da kasko marar zurfi, wanda ɗalibai za su iya gwadawa da guntun soson katifa. A jiƙa soson sharkaf, a kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga. Sannan a tayar da shi tsaye. Ruwa zai sake zubowa, alhali soson bai canja ba. Dalili shi ne a kowace tukunya akwai wani kauri na ƙasa a can gindi da ke riƙe ruwa ya cika dukkan ƙofofinsa, kuma wannan kauri bai damu da zurfin tukunyar ba, girman ƙwayoyin ƙasar ne ke ƙayyade shi. A doguwar tukunya ɗan yanki ne kawai. A kasko mai zurfin santimita 5 yana iya cinye mafi yawan wurin. Saiwa kuwa tana numfashi, tana buƙatar oksijin. Shi ya sa ba a zuba ƙasar lambu mai laushi a kaskon bonsai. Akan haɗa abubuwa masu manyan ƙwayoyi, milimita 2 zuwa 6, kamar ɓarzajjen ɓawon fayin da dutsen aman wuta mai huji-huji da ƙananan tsakuwa, a tankaɗe ƙurar a zubar.

Sai dai irin wannan haɗi yana saurin bushewa, buroshin kwalba kuwa ɗan bakin rafi ne, mashayin ruwa. Ya fi yawancin itatuwan bonsai jure jiƙa, amma bushewar yini guda cikin tsananin zafi tana iya ƙone masa ganye ko ta kashe rassa. A irin waɗannan ranaku akan shayar da shi safe da yamma, wasu ma sukan ɗora kaskon a kan faranti mai ɗan ruwa, abin da zai halaka fayin. Rana kuwa yana son ta sosai. A inuwa rassansa kan yi tsawo su yi laushi, fure ya ƙi zuwa.

Game da taki, an daɗe ana cewa itatuwan Ostiraliya ba sa son fosfaras. Maganar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da kima. Ƙasar nahiyar tsohuwa ce, fosfaras ɗinta kaɗan ne, kuma tsirrai na dangin Proteaceae, irin su Banksia da Grevillea, sun ƙware wajen tsotse shi har ta kai idan aka ba su da yawa yakan zame musu guba. Buroshin kwalba ba ya cikin wannan dangi, yana karɓar takin da aka saba ba sauran itatuwa. Kaɗan-kaɗan a kai a kai cikin watannin girma ya fi mai yawa lokaci guda, tun da ban ruwa na kullum yana wanke takin.

Matsalar fure

Abin da ake gani ja a jikin furen ba fatun fure ba ne, su ƙanana ne har ba a lura da su. Zaruruwan namijin fure ne, masu ɗauke da gari a kansu. Kowane buroshi tarin ƙananan furanni ne da suka kewaye reshe, cike da ruwan zaƙi da tsuntsaye masu shan zumar fure da ƙananan aku ke zuwa sha, su kwashi garin zuwa wani itacen. Galibi daga Oktoba zuwa Disamba yake fitowa.

Ga mai bonsai, wannan fure da ya ja shi ga itacen shi ne kuma yake ba shi wahala. Ganye yana ƙanƙancewa da horo, fure kuwa da ƙyar yake raguwa. Buroshin Callistemon citrinus yakan kai santimita 6 zuwa 10. A kan itace mai tsawon santimita 20 sai ya zama kamar yaro ya sa hular babansa. Mafita ita ce a yi itacen da ɗan girma, kamar rabin mita ko fiye, ko kuma a zaɓi mai ƙaramin fure da ganye tun farko, kamar Callistemon sieberi na bakin kogi, ko irin lambun nan gajere da ake kira Little John.

Bayan haka, a ƙarshen rassa furen ke fitowa, wato daidai wurin da almakashi ke cirewa. Wanda ya yi ta yanka duk shekara zai sami siffa mai kyau ba fure. Wanda ke son fure dole ya ajiye almakashi tun wajen ƙarshen zafi, ya haƙura da itacen ya yi buzu-buzu na wasu watanni. A shekarun da ake gina rassa, hankali ya fi karkata ga a bar furen. Ƙarfin da zai tafi can ana buƙatarsa a katako. Fure na itacen da ya riga ya kammala siffa ne.

Kuma reshen ba ya tsayawa a inda furen ya ƙare. Yakan zarce ta cikin buroshin ya ci gaba da girma, ya bar bayansa wani miƙaƙƙen yanki marar ganye, jere da ƙananan ƙwallayen iri masu tauri da ke manne a jiki. A wasu nau'o'in ƙwallayen kan yi shekaru a rufe, sai reshen ya mutu ko wuta ta bi ta kansa sannan su buɗe. A daji wannan dabara ce ta tsira. A kasko kuwa tana ɓata siffa, ga shi kuma daga saman furen rassa da yawa kan fito wuri ɗaya su kumbura wurin. Saboda haka da zarar furen ya fara yaushi sai a yanke reshen a bayansa, inda akwai ganye, in toho ya fito a bar biyu kawai.

Wani haɗari da ba a san shi a ƙasar ba kafin 2010 shi ne cutar tsatsa ta dangin gwaiba, wadda wani naman gwari mai suna Austropuccinia psidii, ɗan asalin Kudancin Amurka, ke haddasawa. A waccan shekara aka fara ganinta a arewa da birnin Sidni, ta kuma bazu a gaɓar gabas. Ɗanyen toho take kamawa, ta rufe shi da gari rawaya, ya murɗe ya bushe. Da yake itacen bonsai kullum cikin fitar da ɗanyen toho yake saboda yawan yanka, mai shi yakan riƙa duba bayan sababbin ganye a lokacin laima da ɗumi, ya shayar ta gindi ba ta kan ganye ba, kuma ba ya kai itacen da ya kamu wurin baje koli.

Sai bayan duk wannan, wataƙila shekara 5 ko fiye daga ranar da aka sayo dashen, itacen ke shiga kaskonsa na ainihi. Daga nan kowace shekara ɗaya ko biyu akan ciro shi idan gari ya yi ɗumi, a aske kimanin kashi ɗaya bisa uku na saiwar, a zuba sabon haɗi, a mayar da shi cikin kaskon da ya fito. Alamar cewa lokacin ya yi ita ce ruwa ya riƙa tsayawa a sama yana ƙin shiga ƙasa.